Kunkuru a Cikin Tire

Shagon zanen da ke ƙarshen layi, tsakanin mai gyaran agogo da mai facin taya, na wa da ƙane ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Babban shi ke jan layi da tawada, ƙanen ya bi da kalar ruwa, don haka 'yan layin ke ce musu Mai Tawada da Mai Kala. Dabbobi suke zanawa, a sa a gilashi a rataye a ɗakin yara: zomo mai shuɗin kunne, raƙumin dawa da furanni a wuya, kifi mai ɗige-ɗige kamar ya yi ƙyanda.

Tun rasuwar mahaifinsu, da suka yi rigima kan wanda zai zauna gefen taga, magana mai daɗi ba ta ƙara shiga tsakaninsu ba, har furfura ta cika musu kai. Abin da ya haɗa su tiren ƙarfe ne a tsakiyar tebur. In Mai Tawada ya gama zane ya bushe, sai ya jefa shi a tire. Tawadarsa irin wadda ruwa ba ya ɗagawa ce, saboda haka duk abin da Mai Kala ya tarar a tire jiƙa shi yake yi kai tsaye. Ba tambaya, ba amsa.

Wata rana da hantsi Mai Kala ya dawo daga sayen takarda, ya tarar wansa ba ya nan, ga zane a tire. Kunkuru ne. Layukan a karkace suke, ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo, wuyan kamar babban yatsa. Idon ne kawai ya fita, yana kallon gefe kamar wanda ake gulmarsa ya ji.

Mai Kala ya daɗe yana kallo, daɗi na ratsa shi. Ashe hannun Yaya ya fara rawa! Ya ga takardar ta tsufa, har da alamar ninki, amma bai tsaya a kan wannan ba. Ya ƙudurta zai zuba kala mai kyau a kan wannan kwamacala, ya rataye ta a bakin ƙofa, kowa ya ga wanda ke riƙe da shagon. Ya dama kore da ruwan ƙasa, ya cika buroshi, ya shafa a bayan kunkurun daga wannan gefe zuwa wancan.

Sai layukan suka narke. Baƙi ya koma shunayya, ya bi ruwa yana yaɗuwa kamar hayaƙi, ɗakunan ƙoƙon bayan kunkurun suka shige cikin juna. Yana tsaye buroshi a hannu wansa ya shigo, rungume da gilashi.

"Me ka yi?" in ji Mai Tawada. "Kai, me ka yi?"

"Ni zan tambaye ka, Yaya. Wace irin tawada ce wannan? Ko da miyau ka dama ta?"

"Tawadata? Ka dubi wannan layin ka ce nawa ne? Makaho ma in ya shafa ya san ba hannuna ba ne."

"A tire na same shi."

"Gefena a jiƙe yake, sai in ajiye shi a ina? A kan sanƙonka?"

A tsakanin zagi Mai Kala ya tsinci labarin. Wata mata ce ta kawo shi da safe. Mijinta direban bas ne, ya yi doguwar jinya a gida, kullum yana zaune yana kallon kunkurun da suke kiwo a tsakar gida, har ya zana shi da alƙalamin rubutu. Bai taɓa zana komai ba sai shi, kuma ya rasu. So take a ɗan shafa masa kala da busasshen fensir, a sa a gilashi. Da la'asar za ta dawo.

Mai Kala ya yar da buroshin. Ya figi auduga zai goge.

"Danna, kar ka goge, jaki!"

"Na fi ka sanin ruwa."

"Na ga alama."

Suka tare ruwan kafin ya kai wuya. Kan kunkurun ya tsira, da ƙafar gaba guda ɗaya. Ƙoƙon kuwa ya zama tabo guda, kamar an zauna a kan ɗanyen inabi. Mai Kala ya ce a gaya mata gaskiya. Mai Tawada ya ce to shi ya faɗa, tunda shi ne gwani. Ba wanda ya ɗauka. Da takardar ta sha iska, sai babban ya jawo kujerarsa, ya soma sake jan ɗakunan ƙoƙon a kan tabon.

Rabon da su zauna kafaɗa da kafaɗa har sun manta. Mai Tawada ya cika wani ɗaki da zagaye-zagaye, wani da ganye, wani da taurari da ƙananan kifaye. Mai Kala na bin sa da siririn buroshi, ja nan, rawaya can, yana riƙe numfashi.

"Janye gwiwar hannunka," in ji Mai Tawada.

"Kai ka janye warin bakinka."

Tabon shunayyar ya koma kamar sararin sama a bayan taurarin. Mai Kala ya ja baya ya duba, ya san a ransa ba su taɓa yin aikin da ya kai wannan ba. Har ya fara tunanin ƙila matar ta yi murna.

Ta zo da la'asar, doguwa, mai jaka a hammata. Mai Tawada ya miƙa mata yana murmushin da bai saba ba.

"Ga shi, baiwar Allah. Mun ɗan ƙara masa ado."

Ta kalla, ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ta sake kallo.

"Malam, wa ya ce ku sa masa atamfa?"

"Ai haka ake yi yanzu, yara na so."

"Yara na kawo muku? Mijina bai iya zana tauraro ba. Da'ira ma in ya ja ba ta haɗuwa. Akwai inda hannunsa ya zame nan, tari ya kama shi, ina zaune a gefensa. Ina wurin yake?"

Mai Kala ya buɗe baki. "Laifin..."

"Ƙanena ne ya jiƙa shi," in ji Mai Tawada da sauri.

"Shi ya ajiye shi inda ba a ajiyewa!"

"Ku yi mini shiru, tsofaffin banza. Ba shari'a na zo ba."

Ta buɗe jakarta ta zaro ƙaramin almakashi. A tsaye, a gabansu, ta bi gefen ƙoƙon a hankali ta yanke kan kunkurun da wuyansa da ƙafar nan ɗaya, ba ta bar ko ɗigon kalarsu ya bi ba. Ta naɗe guntun a hankici ta sa a jaka. Sauran ta sake shi a kan tebur.

"Wannan naku ne. Ku raba."

Mai Kala ya bi ta da kallo har ta wuce mai facin taya, hannunta dafe da jakar. Ba ta waiwayo ba.