Aikin Baba Ne

Shekara talatin da ɗaya ina gyaran rediyo da fanka a Masaka, kuma doka ɗaya nake kafa wa duk wanda ya zauna a shagona: in mai kaya ya tambayi wanda ya yi gyara, a ce aikin Baba ne. Ba girman kai ba ne. Mutum in ya ji hannun yaro ne ya taɓa masa fanka, ko tana juyawa lafiya sai ya ji tana ƙara.

Muhibba, 'yar ɗana marigayi, da wannan dokar ta tashi. Tun tana firamare take liƙa waya da dalma, tana yi mini tsiya wai idona ya mutu, hannuna sai rawa kamar mai kaɗa kalangu. Ni kuma in ce mata ba zan auri mace mai warin waya ba.

A shekararta ta ƙarshe a ƙaramar sakandare, Malama Patricia, mai koya musu kimiyya, ta zo da labarin gasar haɗa mutum-mutumi, robot ɗin nan, a Maitama. Wanda ya ci, za a ba shi gurbin karatu kyauta a makarantar fasaha. Uwar Muhibba ta riga ta faɗa: in babu wannan gurbi, yarinya za ta koma Kado ta taya ta sayar da kifi.

Makarantarsu ko sukudireba ba ta da shi. A kwandon tarkacena Muhibba ta tsinci komai: injin tsohuwar firinta, tayoyin motar wasa, batirin tocila mai caji. Malama ta ce dokar gasa ta hana babba ya sa hannu, sai dai baki. Wata biyu ina zaune hannuna a cinya. Ko da na ga ta juya waya, sai in yi tari kawai.

Ranar Asabar muka je. Babban ɗakin taro ne mai sanyi, an ja igiya, manya a baya. A can na hango Lukmanu, wanda ya yi shekara shida yana koyon aiki a wurina. Yanzu ya sa riga mai tambarin wata makarantar kuɗi. Ya zo ya rusuna ya gaishe ni. Na dubi robot ɗin ɗalibansa, fari fes, na ga yadda aka murɗa wayoyi uku-uku aka kwantar. Ni na koya masa wannan murɗin.

"Oga Lukmanu, yaranka sun iya hannunka sosai," na ce.

Ya yi 'yar dariya, ya ce, "Baba, a bar maganar."

Da aka fara gasa, robot ɗin Muhibba ya bi baƙin layin da aka zana a ƙasa yana karkarwa, ya ɗauki ƙwallo huɗu cikin biyar. Na Lukmanu ya tsaya a ta uku, yaran suka juyo suna neman sa da ido.

Sai alƙalai suka zaga da tambaya. Yaran Lukmanu sun haddace amsa da Turanci, baki ɗaya suka ce su suka haɗa. Da aka zo kan Muhibba, Turanci ya maƙale mata. Wani alƙali mai furfura ya tausaya, ya juya harshe.

"Yarinya, kar ki ji tsoro. Wane ne ya yi wannan aiki?"

Da ya ci gaba da Turancinsa, da ta lallaɓa ta amsa. Amma da Hausa ya tambaya, irin tambayar da ta ji sau dubu a shago, ga ni kuma tsaye a bayan igiya. Ta dube ni, ta sunkuyar da kai.

"Aikin Baba ne."

Alƙalin ya rubuta. Malama Patricia ta yi bayani har muryarta ta dishe. Na ce a kwance robot ɗin kaf, a ba ta sukudireba ta mayar a gabansu. Suka ce babu lokaci, kuma yarinya ta faɗa da bakinta, kowa ya ji. Na nemi Lukmanu, shi da ya san dokar shagona, kalma ɗaya kawai zai faɗa. Yana can yana duba wayarsa. Ɗalibansa aka kira, aka ce su suka ci.

A mota har Masaka ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi mini tsiya ba. Robot ɗin na kan cinyarta.

Bayan sati uku uwarta ta zo ta tafi da ita Kado. Washegari wani mutum ya zo karɓar fankarsa, gyaran Muhibba na ƙarshe. Ya kunna, tana juyawa shiru. Ya tambayi wa ya yi.

Na ce jikata ce, Muhibba.

Ya kashe, ya turo mini ita. Ya ce in sake dubawa, zai dawo jibi.