Yatsun Kafinta

Auta ta shekara biyu da rabi ba ta ce "Baba" ba. Yayyenta mata biyu tun kafin su iya tafiya suka fara surutu, shi ya sa abin ya tsaya wa mahaifinta, Kafinta, a rai. Duk wanda ya yi wa zancen sai ya ce nauyin baki ne. Yayarsa ma dariya ta yi masa.

"Kai da ka kusa shekara huɗu kana nuna abu da baki kamar ƙadangare? Yanzu wa ya isa ya sa ka yi shiru? Ƙyale yarinya ta huta."

A shagonsa gaskiya ta fito. Matarsa ta tafi kasuwa ta bar masa Auta, tana zaune a ƙasa tana tara garin katako cikin murfin gwangwani. Sai tayar wata babbar mota ta fashe a bakin titi. Guduma ta suɓuce daga hannun Kafinta, mai walda na kusa da shi ya fito a guje yana salati. Auta ko kai ba ta ɗaga ba.

Daga ranar zama ya gagare shi. Ya tafa hannu a bayanta, ya buga murfin tukunya, ya kira ta da ƙarfi har maƙwabta suka leƙo. Sai da matarsa ta ƙwace murfin ta ce, "Baban Auta, ya isa haka. Gobe mu je asibiti."

Likita ta yi gwaje-gwajenta, ta ce jin yarinyar kaɗan ne ƙwarai. Za a gwada mata na'urar kunne, amma kada su zauna jiran na'ura.

"Yanzu ne ƙwaƙwalwarta ke neman harshe," in ji ta. "In bai shiga ta kunne ba, ku shigar mata ta ido. Akwai ajin maganar hannu na iyaye duk Asabar da safe."

Ajin a wata makarantar kurame yake, kujerun ƙanana, gwiwoyin Kafinta har suna taɓa ƙirjinsa. Malamar kurma ce, matashiya mai saurin hannu, da mai fassara a gefenta. Matarsa ta kama abin kamar da ma da shi aka haife ta. Shi kuwa yatsunsa, da suka shekara ashirin suna riƙe zarto, suka ƙi lanƙwasuwa. A sati na biyu aka ce ya tashi ya gaida Malama. Ya yi iya yinsa. Aji ya ɗauki dariya.

"Me na ce?"

Mai fassara ta danne dariyarta ta ce, "Ka ce mata kai akuya ne, kuma kana jin yunwa."

Ya yi yaƙe, ya koma ya zauna. Asabar ta gaba ya ce aiki ya yi masa yawa. Ta gaba ma haka.

"Ke ki koya, kya riƙa gaya mini," ya ce wa matarsa. "Ni kaina ya riga ya bushe."

"In ba na nan fa?"

"Ina za ki?"

Amma hankalinsa bai kwanta ba. A shago sai ya auna katako sau biyu ya yanke shi gajere. A gida ya tarar da uwa da 'ya'ya sun yi da'ira a tsakar ɗaki, hannaye na tashi, Auta na ƙyalƙyala dariya, ba ya sanin me aka ce. Ya shiga, ya fita, ya gyara ƙofar da ba abin da ya same ta. A gidansa, shi ne ya zama wanda ba ya ji.

Wata Laraba surukarsa ta kwanta rashin lafiya, matarsa ta yi sammako ta tafi duba ta, manyan yaran suna makaranta. Ya tafi da Auta shago. Wajen hantsi ta taso daga inda take wasa, ta ja masa wando, ta haɗa yatsu biyu tana murzawa, idonta taf da hawaye. Ya ba ta ruwa, ta ture. Ya sayo biskit, ta watsar. Ya kai ta bayan gida, ta ƙi. Ta sake yin alamar, ta sake, tana kallon tsakiyar idonsa, can ta zube ƙasa tana ihu.

Ya kira matarsa a waya, ya gaya mata abin da ake ciki.

"Yaya take yi da hannun?" in ji ta.

"Murzawa take yi!"

"Baban Auta, rabin maganar ai murzawa ce. Wane yatsa? A ina ta ajiye hannun?"

Kafin ya ba ta amsa layin ya yanke, ya ƙi shiga kuma. Ya saɓa Auta a kafaɗa, ko shagon bai rufe ba. Ya tsaya jiran mota, ya ga ba zai iya tsayuwa ba, ya kama hanya da ƙafa, yana ratsa masu talla, yarinya na dukan bayansa. Ya isa makarantar jiƙe da gumi, ya faɗa ajin Malama ana tsakiyar darasi.

Malama ta durƙusa gaban Auta. Hannu ya tashi, hannu ya amsa. Ko minti ɗaya ba a yi ba ta cire wa yarinyar takalmin hagu. Wata 'yar ƙusa ce, irin wadda yake kafa bayan kabad da ita, ta huda tafin takalmin ta soki diddigenta. Safar duk jini.

Bayan an wanke ciwon an ɗaure, Malama ta ɗauki alli ta rubuta a allo: "Ciwo take ce maka. A sati na uku muka koyi wannan." Kafinta ya tsaya da takalmin a hannu, yara goma sha biyu suna kallonsa, ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Ranar Asabar ya riga mai gadi zuwa. Har yanzu shi ne na baya a aji, kuma har yanzu ana yi masa dariya. Ya liƙa hotunan alamomi a bangon shago, sama da teburin aiki. A hanya yana tafe yana motsa yatsu, har mai walda ya ja shi gefe ya tambaye shi ko lafiya. Abin da ke hana shi sakat yanzu shi ne gudun da Auta ke yi: in ya koyi kalma biyar a sati, ita ta kwashi ashirin.

Wata safiya yana ɗaura mata takalmi za ta makaranta, ta zuba masa wata doguwar magana, hannayenta kamar ana kaɗa fuka-fuki. Bai kama ko ɗaya ba. Ya ajiye igiyar takalmin, ya haɗa abin da ya iya: "Sake. A hankali."

Auta ta ja dogon numfashi irin na uwarta, ta gyara zama a kan kujera, ta faro daga farko.