Damtse a Ƙarƙashin Firji

Ranar Talata ce, tun asuba ake yayyafi mai naci, irin wanda ba ya barin ƙasa ta bushe. A hawa na uku na wani gidan haya, Damtse ya cire riga ya rataye a jikin ƙofa, ya tsaya yana kallon firjin da za su sauko da shi. Ƙato ne mai ƙofa biyu, ya fi shi tsawo. Matar gidan sai shafa shi take yi, don da ƙanƙarar da yake yi take ciyar da 'ya'yanta.

Yau ce ranarsa ta farko a motar kwasar kaya ta kawunsa. Innarsa ce ta yi ta roƙon yayan nata har ya gaji ya ce, "Gwaji ne. In ya iya, wurin nasa ne. In bai iya ba, kada ki sake yi min maganar."

"Kai, mayar da rigarka," in ji Dogo, ɗan Kawu, wanda tun suna yara ba ya ganinsa ya ƙyale. "Kaya muka zo ɗauka, ba hoto ba."

"Baƙin ciki zai kashe ka, sillan kara."

Damtse bai samu sunan nan a banza ba. Tun da ya bar makaranta, kullum yana bayan garejin unguwarsu, inda ake ɗaga gwangwanayen fenti cike da siminti da tsofaffin ƙarafan mota. Ƙwai, gyaɗa, ayaba, madara, duk abin da aka ce yana sa jiki sai ya ci. Ƙirjinsa ya buɗe, kafaɗunsa suka cika ƙofa, har tela ya ƙara masa yadi. Sai dai madubin wurin fasasshe ne, daga cibiya zuwa sama kawai yake nunawa. Abin da madubi bai nuna ba, Damtse bai taɓa wahalar da kansa a kai ba. Duk ranar da mai wurin ya ce yau aikin ƙafa za a yi, sai ya tuna an aike shi. Wando mai faɗi ya rufe sauran zancen.

Kawu ya ɗaure firjin da igiya, ya leƙa matakalar. Matsattsiya ce, takalman masu hawa da sauka sun jiƙa ta sharkaf.

"Ni zan shiga ƙasa," ya ce. "Ku biyu ku riƙe igiya ta sama. Na ƙasa shi ke cin nauyin."

Maƙwabta sun fito bakin ƙofofinsu, har da 'yan mata biyu masu tsintar shinkafa a faranti. Damtse ya ji idanunsu a bayansa.

"Haba Kawu! Da furfurarka, ina tsaye? Me za a ce da ni?"

Kawu ya dubi hannuwan nan kamar turame.

"Baba, ka ce ya ɗage wando ka gani tukun," Dogo ya ce. "Wallahi ƙwaurinsa kamar na zakara."

Aka kwashe da dariya, har matar gidan. Kawu ya daka masa tsawa. "Wasan nan naku ya isa, a bakin aiki muke!" Sannan ya juya ga Damtse. "To, shiga. Amma ka ji ni da kyau, ɗan nan. In ka ji ya fi ƙarfinka, ka ce a dire. Ba abin kunya ba ne, ni ma ina faɗa."

Suka kwantar da firjin. Damtse ya sa hannu ƙarƙashinsa ya ɗaga kamar kwali, har wata daga cikin 'yan matan ta ce, "Tabɗi!" Ya fara sauka da baya, gindin firjin a ƙirjinsa.

Hawan farko ya wuce lafiya. A na biyu ne ya gane hannu riƙewa kawai yake yi. Duk takun da zai yi, ƙafa ɗaya ce ke lanƙwasawa ta karɓi nauyinsa da na firjin gaba ɗaya, kafin ɗayar ta lalubo matakala. Cinyoyinsa suka ɗauki zafi kamar an zuba musu garwashi.

"A hankali, don Allah," matar gidan ke cewa daga sama. "Shi ke nan gare ni."

"Lafiya a ƙasa?" Kawu ya tambaya. Firjin ya tare tsakaninsu, ba ya ganinsa.

"Lafiya lau, Kawu."

A dire. Kalmar tana bakinsa. Amma ya ji takun 'yan matan suna biyo su, ya kuma tuna fuskar Inna da safe, tana ɗaure masa abinci a leda tana cewa kada ya ba ta kunya a gaban yayanta. Ya haɗiye. Saura hawa ɗaya su kai ƙasa. Gumi ya shiga idonsa, ba hannun gogewa. Gwiwarsa ta hagu ta fara kaɗawa da kanta, ya ce mata ta tsaya, ta ƙi.

Dogo ya leƙo ta gefen ƙarfen matakala, ya ga wandon yana karkarwa.

"Baba, ƙafarsa rawa take yi!"

"Na ce ka bar wasan nan!"

"Wallahi ba wasa nake ba! Baba, duba!"

Muryar ce ta sa Kawu ya yarda. "Riƙe igiyar da kyau!" ya ce, ya matsa ta jikin bango, yana cusa kansa ta ɗan tsukin da ya rage. "Ɗan nan, tsaya inda kake. Kada ka ƙara taku."

Amma Damtse ya riga ya ɗaga ƙafa. Ta sauka a kan jiƙaƙƙen siminti, gwiwar ta naɗe kamar tsumma. Igiya ta zare fatar tafin Dogo ta kuɓuce. Damtse ya ga firjin ya yo kansa, sai ya ji an hankaɗe shi gefe. Kawu ne, ya tara kafaɗa. Aka ji ƙara biyu, ɗaya ta ƙarfe a jikin ƙarfe, ɗaya ƙarama wadda ta fi muni. Wani abu ya fara huci a bayan firjin. Matar gidan ta ɗora hannu a ka.

A asibiti, ma'aikaciyar jinya ta dubi Kawu a kan benci, hannunsa naɗe da rigar Damtse, ta dubi Damtse tsaye ba riga.

"Kai mai ƙarfi, ɗora min shi a gadon nan."

Ya ɗauke shi cak, kamar jariri. Ta ce, "Ma sha Allah, Baba, ka yi dacen ɗa." Dogo yana jingine da bango yana hura tafinsa, ko kallon Damtse bai yi ba.

Da aka dawo da Kawu daga ɗaukar hoton ƙashi, ya yafito Damtse da hannun mai lafiya. Damtse ya durƙusa kusa da shi.

"Na ce ka faɗa," Kawu ya ce a hankali.

"Ka ce, Kawu."

"Je ka gida. Ka gaya wa uwarka da bakinka, ni ba zan iya ba."

Ya fito, yayyafin bai tsaya ba. Abin da aka rasa ranar ba shi da wuyar faɗa: firji ɗaya, da sana'ar mace mai 'ya'ya huɗu. Yatsun Kawu uku da ƙashin kafaɗarsa. Fatar tafin Dogo. Wata biyu mota za ta yi a ajiye. Sai wurin aikin da Inna ta roƙo. Hannuwan Damtse da ƙirjinsa kuwa, ko ƙwarzane babu.