Takalmin Baban Talatu a Kasuwar Gwanjo

Ranar da aka zo aka ce motar Baban Talatu ta kife a hanyar Funtuwa, takalminsa na zuwa Juma'a yana bakin ƙofar ɗakina. Ina cikin takaba ƙannensa suka fitar da kayansa ƙofar gida, 'yan gwanjo suka kwashe, aka ce za a raba gado. Mai takaba ba ta fita. Daga cikin ɗaki nake jin ana tayawa ana cewa albarka. Da na leƙo, babu takalmin.

Daren jiya kuwa mafarki ya kai ni nemansa.

Na ga kaina a wata kasuwar gwanjo. Ruwa ake yi, amma daga ƙasa yake tashi yana komawa sama, kowa ya kifa lemarsa ya taka. A can kaya ne ke sayen mutane. Wata tsohuwar fanka tana duba haƙoran wani dattijo tana cewa ya sha jiki. Wani dutsen guga ya taya ni. Na ce masa, "Albarka. Sauri nake."

Dillaliyar kasuwar akuya ce, ta yafa gyale, tana cin goro.

"Baiwar Allah, sayarwa ko saye?"

"Takalmin maigidana na zo karɓa. Baƙi ne, na hagu ya cinye ta gefe."

"Ba takaba kike ba?"

"Ita nake. Gangar jikina tana ɗaki."

Ta ce to babu laifi, ta tofar da goron, ya tashi sama ya bi ruwa.

Sai ga mu a layin takalma. Tsibi ne har ya kere masallaci. Duk numfashi suke kamar masu barci. Na durƙusa na fara tonowa. Kowanne na ɗaga sai ya ce, "Ba ni ba ne, Hajiya, gaba." Wani silifa ya roƙe ni in tafi da shi, wai shi ma ba shi da kowa. Na ba shi haƙuri, na ci gaba. Na tona har farcena ya koma ciki.

Akuyar ta ce, "Wahala kike. A nan ba a tono. Ki kira sunan mai shi, zai fito."

Na ce, "Baban Talatu."

Takalma kamar ɗari suka ɗago.

"Baban Talatu ai ya yi yawa. Sunansa na yanka."

Tun da aka kai ni gidansa bakina bai taɓa kama sunan nan ba. Ko yaron makwabta mai sunan, Mai Sunan Malam nake ce masa.

"Ke ma kin san ba a yi," na ce.

"To yamma ta yi. In aka tashi kasuwa, ɗaure su ake a dila a tura gaba."

Na ga an fara jawo igiya. Na gyara ɗaurin zanina. Na duba dama da hagu, babu surukata, babu kowa sai fanka da dattijonta. Na buɗe baki na ce, "Sallau."

Tsibin ya tsage. Ga shi nan tafe, na dama a gaba, na hagu yana ɗan jan ƙasa yadda mai shi yake yi in ya dawo a gajiye. Ya zo gabana ya tsaya.

Ya ce, "Ashe kin iya."

Na ce, "Wuce mu tafi gida."

Na sunkuya zan ɗauka ke nan na ji "Gwangwan! A kawo gwangwan!" Mai sayen tsoffin ƙarafa ne yake tura kurarsa a bayan katanga. Gari ya waye, hannuna a miƙe, babu komai a ciki.

Na tashi na ɗauki tsintsiya. Kullum in na zo bakin ƙofar nan kewaye wurin da takalmin yake zama nake, ba na share shi. Yau ma na kewaye. Sai dai na tsaya, na faɗi sunan a hankali, sannan na wuce.