Sarƙa Ɗaya, Janwe Uku

Benci ɗaya suka zauna a kai a barandar ofishin masu duba lafiyar motoci, amma tsakaninsu akwai filin da mutum biyu za su zauna su sake. A can ƙarshe Malam Harisu ne, direban bas ɗin da ta faɗa gona jiya, hannunsa na hagu a rataye da wani tsohon rawani. A wannan ƙarshen kuma Gide ne, mai janwen da ta jawo bas ɗin, yana ta murza makullin motarsa kamar wanda aka ba aikin goge shi.

"Gide," in ji tsohon, bai ko juyo ba. "Sun ce ƙugiyar motata ce ta ruɓe. In haka ta shiga takarda, lasisina ya tahi, kuma kotu za su kai ni. Shekara talatin da huɗu ina bisa hanya, ko akuya ban taɓa takewa ba."

"Na sani, Baba."

"Kai ka san abin da ya tsinke. Ni in na faɗa, cewa za a yi mai laifi ne ke neman mafita. Kai in ka faɗa, magana ta ƙare."

Gide ya ci gaba da murza makullinsa. Tsoro yake ji, domin maganar da ake so ya faɗa ba tasa ba ce shi kaɗai.

Doka ta ce duk janwe, wato motar da ke jan wadda ta mutu a hanya, sai ta kasance da ƙarfen ja, da fitila mai walƙiya a ka, da tukunyar kashe gobara, da kuma sarƙar kariya wadda ake ɗaurawa a ƙarƙashin ƙarfen, don ko ƙarfe ya saki, sarƙa ta riƙe. Doka ce mai kyau, ba wanda ya taɓa cewa ba haka ba. Sai dai sarƙar da masu duba ke yarda da ita ba irin ta ɗaure sa ba ce. Mai hatimi ce, daga nesa ake kawo ta, kuma tsadarta ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Su uku ke da janwe a wannan yanki: Mani a Ƙanƙara, Gide a Faskari, Mas'ud a Sabuwa, kuma a gareji ɗaya suka koyi aiki. Sai suka haɗa kai suka sayi guda, suka shafa mata jan fenti a ƙugiya don kada ta ɓace a tasha.

Allah ya taimake su, masu duba ba sa zuwa garuruwan uku rana ɗaya. In an gama da Mani, sai a cusa sarƙa cikin buhun taki a ba direban haya ya sauke ta a Faskari, in an gama da Gide ta wuce Sabuwa. Ta fi masu ita yawo, ta fi su sanin direbobi. Sauran kwanakin shekara kuwa, wanda ya samu aiki mai nauyi ya aika a kawo masa, in ba ta iso ba ya yi bisimilla ya ja. Ba su taɓa ɗaukar wannan ha'inci ba. A wurinsu aro ne, kamar yadda ake aron tabarmi ranar suna. Shekara huɗu ana haka, kowa yana samun takardarsa ya manna a gilashi.

Jiya bayan la'asar aka kira Gide a waya, aka ce bas ɗin Malam Harisu ta mutu kafin Mairuwa da fasinja goma sha huɗu. Da ya isa ya tarar da ita a gefen hanya, dawa ta yi tsawo hagu da dama har ta wuce kan mutum. A shekarun nan ba sai an yi wa kowa bayanin abin da doguwar dawa da rana mai gangarawa ke nufi a wannan hanya ba. Fasinjojin sun yi tsuru-tsuru, kowa idonsa a kan gona, ana tsoron mutanen daji.

Doka ta ce ba a jan mota da mutane a ciki, kuma Gide ya faɗa musu, don dai a shaida ya faɗa.

Wata dattijuwa mai suna Fatsuma ta leƙo ta taga, ƙullin kayanta a cinya. "Ɗan nan, ka sauke mu nan ka tahi? Ka bar wa wa mu?"

Ba wanda ya motsa, shi ma Gide bai sake tayar da maganar ba. Ya haɗa ƙarfen ja da ƙugiyar bas, ya zura ƙusar da ke riƙe shi. Ƙusar asali ta daɗe da ɓata, wannan a jikin wata matacciyar tirela ya ciro ta, kuma ta yi masa aiki shekara biyu ba ta taɓa ba shi kunya ba. Malam Harisu ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi.

"Ina sarƙar?"

"Tana Sabuwa, Baba. Yau ake duba motar Mas'ud."

Tsohon ya dubi ƙusar, ya dubi rana, ya dubi dawa. "Wanga abu zai riƙe?"

"A hankali za mu tahi."

A hankali kuwa suka tafi, har suka kai gangaren da ke kafin kwalbati. Nan janwe ta faɗa wani rami ta fito, Gide ya ji ƙara ɗaya, ɗas, sannan ya ji motarsa ta yi sauƙi. Ya dubi madubi ya ga bas tana tahowa da kanta, ƙarfen ja yana jan ƙasa yana tartsatsi. Inji a mace yake, birki ya yi tauri. Zaɓi uku ke gaban Malam Harisu, bayan janwe, ko bangon kwalbati, ko gona, kuma tsohon ya murɗa sitiyari ya zaɓi gona. Karan dawa suka yi ta rage mata gudu har ta karkata ta kwanta a gefe. Ba wanda ya mutu. Fatsuma ta karye a ƙugu, Malam Harisu a hannu, sauran ƙujewa da firgita. Da aka gama kwashe mutane, Gide ya koma kan kwalta ya tsinci rabin ƙusar ya sa a aljihu.

Tun da sassafe yau wayarsa ba ta huta ba. Mani ya kira ya ce, "Ka ce sarƙar na ɗaure, ƙugiyar bas ce ta zare ta tahi da komai. Ai kowa ya san motar ta tsufa." Mas'ud kuwa bai koya masa ƙarya ba, abin da ya yi ya fi ƙarya nauyi. Cewa ya yi, "Gide, mutum goma sha ɗaya ke ci da wagga mota tawa. Ka rufa mana asiri."

Masinja ya leƙo ya kira sunansa. Gide ya miƙe ya shiga.

Jami'in da ke ciki, Salahuddeen, mutum ne mai furfura jefi-jefi da idanun wanda ya gaji da hanya. Shi ne ya duba janwen Gide ranar Laraba. Ya amsa gaisuwa ba tare da ya ɗago ba, ya turo wata takarda.

"Na riga na rubuta. Motarka tana da shaidar cika ƙa'ida, kwana shida da bayarwa. Tun da akwai sarƙa kuma bas ta kuɓuce, to ƙugiyarta ce ta saki. Maganar fasinja a ciki ba zan tono ta ba, kowa ya san halin hanyar nan. Sa hannu a nan."

Gide ya dubi wurin sa hannun. Abu ne mai sauƙi, bai kai a sha ruwa ba. Ya tuna Mas'ud da mutum goma sha ɗaya, ya kuma tuna fuskar tsohon a madubi lokacin da yake kokawa da sitiyari. Kunya ta rufe shi. Ya sa hannu a aljihu ya ciro rabin ƙusar ya ajiye a kan takardar.

"Ranka ya daɗe, ba ƙugiya ba ce. Wagga ƙusa ce ta karye, kuma tawa ce. Sarƙa kuwa babu. Tana Sabuwa jiya."

Ya ɗauka zai ji tsawa, ko a kira ɗan sanda. Salahuddeen ya ɗauki guntun ƙarfen ya juya shi, sannan ya tashi ya tura ƙofa ya dawo ya zauna.

"Mai jan fenti a ƙugiya?"

Gide ya ɗago kai ya dube shi.

"Na gan ta a Ƙanƙara, na gan ta a nan, jiya da safe na gan ta a Sabuwa. Shekara huɗu muna gaisawa da sarƙar nan. Kana tsammanin makaho suka turo muku?"

"To ranka ya daɗe, tun da ka sani..."

"Abin da aka ce in duba shi ne mota ranar duba. Ranar duba akwai sarƙa." Ya matsa goshinsa da yatsu. "Ka san abin da kake nema in rubuta? In na karɓe takardarka, sai na karɓe uku. Sannan a tambaya wa ya sa musu hannu. Wannan matsala tawa ce, bar ta. Amma daga Ƙanƙara har Sabuwa ba za a sami janwe ko ɗaya ba. Gobe mota ta mutu a tsakiyar dawa, wa zai je ya ɗauko mutane? Ni?"

"A karɓe tawa ni kaɗai. Ni na ja su ba sarƙa."

"Ba ta rabuwa haka, Gide."

"Tsohon nan shi ya ceci mutum goma sha huɗu. Wallahi da ni ne a sitiyarin, da kwalbati zan daka."

"Na yarda." Muryar jami'in ta yi ƙasa, kuma ba mugunta a cikinta, abin da ya fi ɓata wa Gide rai ke nan. "Ya manyanta, lokacin hutawarsa ya yi. Kotu ba za ta tsananta masa ba, zan yi magana."

"Ba zan sa hannu ba."

"Ba sai ka sa ba. Sa hannuna ya isa." Ya buɗe aljihun tebur ya jefa guntun ƙusar, ya rufe. "Ka sayi ƙusa ta gaskiya kafin ka sake jan ko keke. Je ka turo mini direban."

Gide ya dubi rufaffen aljihun teburin. Ya yi ta maza, ya faɗi gaskiyar da ta hana shi cin abinci tun jiya, ga shi ba ta ko motsa biron da ke kan tebur ba. Ya fita.

Hasken baranda ya kashe masa ido. Malam Harisu ya riga ya miƙe, yana dafe da bango da hannunsa mai lafiya, yana karanta fuskar Gide.

"Ka faɗa musu?"

"Na faɗa, Baba."

"Duka? Har maganar sarƙar?"

"Duka."

Tsohon ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, idanunsa suka kawo ruwa. "Alhamdulillahi. Na san ɗan halak ne kai. Tun jiya nake gaya wa iyali su kwantar da hankali, Gide ba zai bari a zalunce ni ba. Allah shi yi maka albarka."

Gide ya buɗe baki zai faɗi sauran maganar, amma tsohon bai jira ba. Malam Harisu ya gyara zaman hularsa, ya kakkaɓe gaban rigarsa, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya yi sallama da murya mai ƙarfi ya shiga.