Hoton Huhun Baba

Shekara uku Injiniya ta yi tana fama da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, irin wadda ke fito da gaɓa a dunƙule, a juya ta gaba da baya. Da can hoton dishi-dishi yake fitowa. Ta yi ta gyaran lissafin har ƙananan jijiyoyi suka fito raɗau.

Ranar da za a nuna wa baƙi, mutumin da aka shirya zai kwanta a ciki bai zo ba. Shugaban sashe ya leƙa baranda, ya hango mahaifinta a kan benci, ya sha wanki da guga, ya zo ganin aikin 'yarsa.

"Baba, zo ka fitar da mu kunya, minti biyar ne."

"Yallaɓai, a bar shi, kwana biyun nan tari yake yi," in ji ta.

"To ai faɗuwa ta zo daidai da zama."

Tsohon ya cire hula ya kwanta yana dariya. "In kun ga zuciya a ciki ku shaida wa uwarta, kullum cewa take ba ni da ita."

Huhunsa ya cika allon bango. A ɓangaren hagu ga wani ƙullutu kamar ƙwan kaza, ya miƙa saiwoyi ko'ina. Likitocin da ke cikin baƙin suka kalli juna.

Shugaba ya fizge linzamin kwamfutar daga hannunta, ya juya ƙullutun, ya ƙara masa girma.

"Ku duba da kyau! A tsohuwar na'ura sai ku ce inuwa ce. A nan kuwa ko ɗalibi ya san aikin gama ya gama."

Aka tafa. Ta cikin gilashi Baba ya ɗaga musu hannu.

"Mahaifina ne fa," ta ce a hankali.

"Na sani. Ki sa ya sa hannu a takarda, hoton nan zai hau bangon rahotonmu."

A mota Baba ya gyara zama. "Na ga ana tafi. Na fita kunyarki ko?"

"Ka fita, Baba."

"To a wanko mini ɗaya in rataya a falo."

Ta ce to, idonta a kan titi.

Wata huɗu ya ƙara a duniya. Rahoton ya fito sati biyu bayan rasuwarsa, sunan Shugaba a sama, nata na biyar. Ya aiko mata kwafi gida, ta hannun direbansa.