Gadar da Ba Ta Zana Ba

Karo na huɗu ke nan Injiniya tana kara na'urar busar da gashi kan ma'aunin zafi, ƙararrawar ta ƙi yin ko tari. A kwamfuta kuwa, cikin manhajar gwaji, da zafi ya kai digiri takwas sai ta tashi. Ƙararrawar ta firjin allurar rigakafi ce, kuma ƙarfe biyu mutanen asibiti za su zo gani.

Ta saci kallon Dogo, abokin aikinta da aka karɓe aikin daga hannunsa aka ba ta. Jiya da ta fita sallah ta bar kwamfutarta a buɗe. Da ta dawo, kujerarta ta ɗan karkace.

"Malam Dogo, jiya ka zauna a nan?"

"Caja na ɗauka, Yaya. Lafiya?"

"Lafiya lau."

Ta bi zanen na'urar da ke kwamfuta, waya bayan waya, ba abin da ya canza. Wannan ya fi damunta, don wanda ya iya ɓarna ba ya barin sawu.

Dogo ya taso da kofin shayinsa, ya tsaya a bayanta.

"Kin duba gadar?"

"Wace gada? Ni ban zana gada ba."

"Ai ba ke za ki zana ba. Ma'aunin nan analog ne, wutarsa a hankali take hawa. Shi kuwa ɗan guntun lantarkin da ke tada ƙararrawar dijital ne, sifili da ɗaya kawai ya sani, kamar surukina, ko e ko a'a. Inda suka haɗu, manhaja ce ke cusa gada da kanta, ta yanke daga bolt nawa na ƙarfin wuta za a kira shi ɗaya. Ba ta nunawa a zane."

Ya miƙa hannu, ya danna sau uku, wani shafi da ba ta taɓa buɗewa ba ya fito. An rubuta bolt biyu. Ta jawo takardar bayanin guntun da aka liƙa a allon na'urar: sai wuta ta kai uku da rabi yake amsawa. Ma'auninta kuwa ko uku ba ya cikawa.

Da an kai ta haka, da alluran jarirai sun lalace, firji shiru.

"Haka take zuwa, ko wani ya sa?"

"Haka take zuwa. Bara ta ci ni, kwana uku ina zagin mai walda, bawan Allah."

Ta gyara lambar zuwa uku da rabi, ƙararrawar kwamfuta ma ta yi gum. Ta ƙara abin ɗaga wuta a zane da allo. Ƙarfe ɗaya da rabi na'urar ta kurma ihu har Oga ya leƙo.

"Allah ya saka, Malam Dogo."

"Haba Yaya, ai yi wa kai ne."

Ya koma teburinsa. Ta bi bayansa da ido. Danna uku kacal, bai ko yi lalube ba. Ta jira ya sunkuya kan aikinsa, sannan ta canza kalmar sirrin kwamfutarta.